Gidan Dutse a Kan Tudun Akwapim

Mu mutanen zango muna ganin girman gidan dutse, irin ganin da wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ba lalle ya gane shi ba. A nan Ankara, ina nufin Ankara tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba, yawancin tsofaffin gidajenmu na Sabon Zango da Nima da Mamobi na ƙasa ne, an shafe su da siminti, an rufa musu kwano. Tun lokacin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a gefen Abossey Okai, a farkon ƙarni na 20, ruwa ne babban abokin gabanmu. Unguwar ba ta da nisa da tafkin Korle, inda kogin Odaw yake zuba da duk abin da ya kwaso daga cikin gari. In damina ta kankama a watan Yuni, mai gida ba ya barci da ido biyu. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan ruwa. Saboda haka duk ɗan zangon da Allah ya buɗa wa, idonsa yana kan tudu, kuma in ya ji an ce gidan dutse, sai ya ɗauka an ce masa gidan da ba ya mutuwa.

Haka ta faru da wani yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya shekara fiye da ashirin yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Mutum ne da ba a cutarsa a kan ƙarfe. Ka miƙa masa tsohon giya ko injin da aka sauke daga Tema, ya juya shi sau biyu, ya gaya maka sauran kwanansa. Wani dillali ya kawo masa labarin tsohon gidan dutse a wani ƙauye a kan tudun Akwapim, ɗaki shida da baranda, wai magada suna neman kai da shi. Ya nuna masa hotuna a waya. Yayana ya ce shi ba ya cinikin biri a sama, sai ya gani. Muka sa rana, muka ɗauki wani dattijon magini daga Nima, wanda kowa yake kira Baba, muka kama hanya.

Ga mai karatun da bai san ƙasar ba, tudun Akwapim yana arewa maso gabas da Ankara. Ana bi ta Madina da Adenta, a fara hawa daga Ayi Mensah, a wuce Aburi da Mampong har Akropong. Da ka hau, iska ta canja, zafin bakin teku ya sake ka. Gidajen dutsen da ke wurin kuwa suna da asali. A 1835 wani ɗan mishan na ƙungiyar Basel, Andreas Riis, ya zauna a Akropong, mutanen gari suka laƙaba masa suna Osiadan, wato mai gina gida. A 1843 aka zo da waɗansu iyalai daga Jamaika, su ma suka gina gidajen dutse a garin. 'Yan mishan ɗin sun koya wa samari gini da sassaƙa da ƙira, sana'ar ta bazu. Daga baya koko ya zo, wanda Tetteh Quarshie ya shuka a Mampong a 1879. Manoman Akwapim suka gangara dajin Akyem suka sayi gonaki, kuɗin da suka samu suka riƙa aikowa gida ana gina manyan gidaje a kan tudu. Da yawa daga cikin gidajen da dillalai suke tallatawa yanzu, kuɗin kokon kakanni ne ya gina su, shekara ɗari ko kusa da haka.

Da muka isa, dillali ya zaro makulli zai buɗe ƙofa. Baba ya ce a dakata. Ya ce shi ba ya fara gaisawa da gida daga ciki. Ya kewaya shi sau biyu a hankali, kansa a sunkuye, kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. A bayan gida, ta wajen da tudu ya fi tsawo, ya tsaya ya kira mu. Shekara da shekaru ruwa yana gangarowa da ƙasa yana jibgewa a gindin bango, har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu da kamu ɗaya da rabi. Ya ce, “Alhaji, wannan bangon ƙafarsa a cikin ruwa take kwana, rani da damina.”

Sa'an nan ya ciro ƙusa daga aljihu, ya sami inda filasta ta ɓare, ya soka tsakanin duwatsu biyu. Ƙusar ta shige kamar cikin tuwo. Abin da ya biyo ta jar ƙasa ce. Yayana ya yi shiru. A nan ne na fahimci abin da yawancinmu ba mu sani ba: tsohon gidan dutse, dutsen ne kawai dutse. Abin da ya riƙe shi laka ce, wani lokaci da ɗan farar ƙasa. Baba ya ce wannan ba aibu ba ne, haka aka gina su, kuma sun fi waɗansu gidajen bulo na yanzu daɗewa. Amma sharaɗinsu ɗaya ne da na gidan ƙasa na Sabon Zango: kansa a rufe, ƙafarsa a bushe. In rufi ya yi yoyo a kan bango, ruwa ya riƙa wanke lakar daga ciki, ba wanda ya gani.

Ya kuma nuna mana yadda kaurin bangon yake ruɗin ido. Bango mai kaurin ƙafa biyu, in ka dubi bakin taga, sai ka ce dutse ne cur. Alhali fuska biyu ce, ta waje da ta ciki, an cika tsakaninsu da ɓaraguzai da laka. Magini na kirki yakan sa dogon dutse jefi-jefi ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, ya ɗaure su. Inda aka yi rowar irin wannan dutse, fuskokin sukan rabu, bango ya yi ciki. Baba ya ɗaura ƙaramin dutse a bakin zare, ya sa yaron dillali ya hau ya sako shi daga saman bangon yamma. A tsakiya bangon ya turo zaren waje da kamar faɗin yatsa uku. Uku daga cikin bangaye huɗu suna tsaye sak, wannan ɗaya ne ya yi tumbi.

Abin da ya fi ɓata wa Baba rai shi ne sabuwar filastar siminti da fenti mai ƙyalli da aka yi wa gaban gidan, wadda ita ce ta fi kyau a hoto. Ya riƙa ƙwanƙwasa ta da makulli. Wani wuri ta amsa da ƙarfi, wani wuri ta yi ƙara kamar ƙwaryar da aka kife. Ya ce tsohon bango yana shan laima yana fitarwa, kamar yadda randa take gumi. Farar ƙasa tana barinsa ya yi haka. Siminti kuwa yana kulle laimar a ciki, ta rasa hanya, sai ta hau sama ta fito ta cikin ɗaki. Da muka shiga, sai ga shaidar: daga daɓe zuwa gwiwar mutum, fenti ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya fito masa. Ni dai a nawa ganin, duk tsohon gidan da aka yi wa sabon fenti dab da sayarwa, ya cancanci a ƙara masa awa guda ta bincike.

Kan tsaga kuwa, Baba bai firgita da kowace ba. Ya ce akwai tsohuwar tsaga wadda ta gama tafiyarta, za ka ga ƙura da yanar gizo da tsohon farin shafe a cikinta. Akwai kuma mai rai, bakinta tsaf, garin ƙasa a ƙarƙashinta. Wadda ya fi tsoro ita ce mai hawa kamar matakala daga kusurwa, sama ta fi ƙasa faɗi, don tana nuna tushe yana nutsewa. Ya sami ɗaya da bai yarda da ita ba, ya kwaɓa ɗan siminti ya manna a kanta kamar faci, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya ce in muka dawo bayan ruwan Yuni muka tarar facin ya tsage, bangon yana tafiya ke nan. Hankalinsa ya fi zuwa kan wannan don ƙasar nan takan motsa. Girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17 a Ankara, ta rushe gidaje da yawa, kuma akwai tsagar ƙarƙashin ƙasa da ta bi layin tudun Akwapim ɗin nan. Ko a Yuni 2020 mun ji motsi a cikin gari. Tsohon gidan dutse ba shi da ɗamarar kankare da rodi a samansa, katakon rufi ne kaɗai yake haɗa kawunan bangayen.

Saboda haka dattijon nan, da shekarunsa, ya nemi tsani ya leƙa cikin silin da tocila. Manyan katakon na odum ne, itacen da Hausawa suke kira loko, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Ya soka musu wuƙa a tsakiya, ba ta shiga ba. Ya koma inda bakinsu ya shige cikin bango, nan wuƙar ta nutse a guda biyu. Ya ce katako daga inda ba a gani yake fara ruɓewa. Sauran abubuwa, wayar lantarki ta tun zamanin da, da masai, da tankin ruwan sama da ya fashe, bai ɓata lokaci a kansu ba, ya ce waɗannan kuɗi kawai suke ci.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani ɗaki a ƙarshen baranda, wanda dillali ya ce mana ɗakin ajiya ne. Muka gaishe ta da Tuwi, harshen mutanen wurin, ta amsa da fara'a. Baba ya tambaye ta ko tun yaushe take nan. Ta ce a ɗakin aka haife ta. Ya ce, “Mama, an gaya miki za a sayar da gidan?” Ta dube shi, ta dubi dillali, ta ce wane gida?

Wannan ita ce tsagar da zare da ƙusa ba su nunawa. Mu a zango mun saba, in mai gida ya rasu, a kira malamai a raba gado, kowa ya san rabonsa. Nan kuwa gida irin wannan sau da yawa na dangi ne gaba ɗaya, ba a raba shi. Ko a kan tudun ma al'adar ba ɗaya ba ce: a garuruwan Akan kamar Akropong da Aburi gado ta wajen uwa yake bi, a garuruwan Guan kamar Larteh ta wajen uba. Gidan da ka gani shiru ranar Talata, ka zo ranar makoki ko lokacin bikin Odwira, ka ga motoci daga Ankara da Kumasi da Koforidua, kowa da makullin ɗakinsa. A dokar gargajiya da kotunan Gana suke bi, ba a sayar da dukiyar dangi sai shugaban dangi ya yarda tare da manyansu. Ɗa guda da ke bukatar kuɗin jirgi ba shi da wannan iko, ko da takarda a hannunsa. Dokar Filaye ta 2020 ta kuma hana a sayar da filin sarauta ko na dangi sayarwa ta har abada, sai dai haya ta shekaru. Wanda ba ɗan ƙasa ba, tsarin mulkin 1992 bai yarda ya wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Wannan magana ta ƙarshe tana taɓa mu. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, mutane suka sayar da gidaje a banza. Tun daga nan ɗan zango mai hankali ba ya wasa da takarda.

A hanyar dawowa yayana ya tambayi Baba hukuncinsa. Baba ya ce gidan ba matacce ba ne. A haƙa magudana a bayansa a janye ƙasar daga bango, a kankare simintin a mayar da farar ƙasa, a sauke bangon yamma daga taga zuwa sama a sake ɗora shi, a canja bakin katako biyu, a ƙara wa kwano tsawo ya riƙa zubar da ruwa nesa. Ya ce wahalar ita ce samun maginin da zai yarda ya yi aiki ba da siminti ba, don yaran yanzu bulo kawai suka sani. A lissafinsa gyaran zai kai kusan rabin kuɗin da dillali ya sa wa gidan, kuma ya ce a faɗa wa masu gida haka ƙiri-ƙiri, a rage daga farashi.

Yayana bai ba da ko sidi ɗaya na kafin alkalami ba, duk da dillali ya yi ta waya yana cewa wani daga Landan yana so. Ya ɗauki lauya, ya sa safiyo mai lasisi ya auna filin ya zana taswirarsa, aka kai Hukumar Filaye a Koforidua a bincika ko da sunan wa yake. Ya kuma aika wa shugaban dangin cewa yana so a zauna da manya duka, tsohuwar nan tana wurin, a faɗi inda za ta koma in an yi ciniki. An sa zaman bayan damina. Baba ya ce ranar zai biyo mu, ya duba facinsa.