Rainin da na yi a Huanshi Lu

A titin Huanshi Lu na birnin Guangzhou, kusa da ginin Tianxiu inda 'yan kasuwarmu ke hada-hadar kaya, na gaya wa wani saurayi maganar da har yau nake jin kunyarta. Ɗalibi ne daga Kiribati, ƙasa mai tsibirai 33 a tsakiyar tekun Fasifik, ya rako abokinsa wurin masu auna kaya. Na ji yana waya da wani yare, na tambaye shi yawan masu jinsa. Ya ce ƙasar tasu kacokan mutum wajen 120,000 ne. Na kwashe da dariya, na ce ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su, gara ya riƙe Turanci da Sinanci ya huta.

Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe waya ya nuna mini hoton maneaba, zauren taronsu: rufin ganye mai tsayi da ya sauko har sai mutum ya sunkuya zai shiga, babu bango, kowane dangi da mazauninsa na gado. A nan dattawa ke kashe rigimar fili, suna jero kakanni da ka, kuma da wannan yaren kaɗai. Ya ce Turawan Ingila sun haƙe ma'adinin taki a tsibirinsu na Banaba, a 1945 aka kwashe mutanensa zuwa Rabi a ƙasar Fiji, amma jikokinsu ba su yar da yaren ba. A 2014 shugaban ƙasarsu na lokacin, Anote Tong, ya sayi fili a Fiji saboda teku na cin gaɓa. Rijiyar kakarsa ma, in ji shi, ta fara ɗanɗanon gishiri.

Jikina ya yi sanyi. Ni ne fa mai kumfar baki in wani ya ce Hausa ba ta kai mutum ko'ina. Abin da ya fi ci mini rai, kakata ta wajen uwa Bageriya ce daga Bauchi. In ta juya harshe zuwa Geranci, mu jikoki dariya muke yi, muna kwaikwayonta, har ta daina yi a gabanmu. Ta rasu ban iya gaishe ta da yarenta ba.

Na roƙi saurayin gafara, ya yafe. Da na dawo gida na nufi Bauchi wurin innata, na ce ta koya mini ko da gaisuwa ce. Ta ce ita ma rabi ya ɓace mata, amma in zauna mu fara da abin da ya saura.