Watanni uku mesata ba ta ci ba

A ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da hazon hunturu ya fara lulluɓe Dutsen Dala, mesar da nake kiwo a soron gidanmu na cikin birni ta daina cin abinci. Ni malamin ilimin halittu ne, na kuma saye ta a hannun wani mai wasa da macizai kusa da Kasuwar Kurmi don in riƙa nuna wa ɗalibaina. Ƙaramar mesa ce, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kai tsakiya.

Makon farko na miƙa mata ɓera, ta kau da kai. Na biyu ma haka. Mahaifiyata, wadda dama ba da son ranta macijiya ta shigo gidan ba, ta kira ni ta ce: "Ka dai ji tsoron Allah. Ka san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu." Wannan magana ta hana ni barci.

Tsoro ya sa na yi ta tafka kuskure. Kullum sai na fito da ita ina jujjuyawa, kullum sai na tura mata abinci. Wani dare na bar mata ɓera mai rai a akwatin, da safe na tarar ya gatsa mata cizo a baya. Har na fara tunanin yi mata ɗura kafin na kai ta wurin likitan dabbobi.

Tambayarsa ta farko ita ce a ina take kwana. Na ce a soro, cikin akwatin gilashi. Ya girgiza kai, ya tuna mini abin da ni kaina nake koyarwa: maciji daga waje yake samun ɗumin jikinsa, in kuwa babu ɗumi ba ya iya narka abinci. A daji wannan mesa cikin ramukan ɓeraye da tsohon suri take wuni, inda akwai duhu da ɗumi da laima. Tana bukatar kusurwa mai zafin digiri 30 zuwa 32, alhali daren hunturun Kano kan sauko ƙasa da 15, ga bushewar iska. Ya ce irinta kan yi watanni ba ta ci ba a lokacin sanyi da na barbara, ko gab da saɓa. Abin dubawa shi ne nauyi: in tana zubewa, ko tana numfashi baki buɗe, to ciwo ne.

Na mai da ita ɗaki. Na kifa mata tsohuwar tukunyar ƙasa mai ɓalli a gefe don ta samu maɓoya, na ajiye kaskon ruwa, na riƙa sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a jikin akwatin, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Na daina taɓa ta sai ranar awo. Mataccen ɓera kuwa sai bayan kwana goma nake gwadawa, da daddare. Nauyinta kaɗan ya ragu.

A tsakiyar Fabrairu, da sanyi ya lafa, ta cafke ɓeran kafin in janye hannu. Mahaifiyata ce ta fara cewa alhamdu lillahi.

Daga Ghana da Togo da Benin ake yawan fitar da waɗannan macizai zuwa Turai da Amurka, masu kiwonsu a can ma da wannan yajin cin abinci suke fama. Dabbar da ba ta kuka ba ta da hanyar kai ƙara sai ta rufe baki. Ɗalibai biyu sun roƙe ni in samo musu irinta. Na ce musu takan rayu fiye da shekara 20, su fara ƙirga hunturu nawa ke nan kafin su ɗauki amanar.