Giya Ta Biyar

Tsohuwar Land Cruiser da na gada daga mahaifina giya huɗu gare ta. Da na ƙudurta sa mata akwatin H55F mai giya biyar, maigidan gareji ya girgiza kai. “Ɗana, aikin ba nan zai tsaya ba.”

Sabon akwatin ya fi tsohon tsawo, saboda haka ya tura na bayansa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Dole aka datse farfelar baya, aka ƙara ta gaba. Kwana tara muna awo, ban ƙosa ba, domin tsakanin Agadas da Bilma in ƙarfe ya karye, ruwan jarka ake fara lissafawa.

Ranar gwaji na shiga rairayi, ƙafafu huɗun suka kama tare.