Yaron da ba a sa shi langa

Ranar Asabar da hantsi muka bar Gusau muka nufi Karakkai da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu. An gama girbi, gonaki sai kara, iskar hunturu na tayar da ƙura. A wani fili bakin gari muka tarar da yara ana langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle. 'Yan mata kuwa sun zana gidajen 'yar gala-gala a gefe.

Yaro ɗaya ne zaune a gindin dalbejiya, yana gadin takalman 'yan wasa. Muka tambayi dalili. Wani ya ce, "Malam, da ya ɗaga ƙafa sai faɗuwa. Shi ka sa a cinye mu."

Kusan kowace makaranta akwai irinsa: ba ya iya cafe ƙwallo, maɓallin riga na ba shi wuya, rubutunsa kamar tafiyar kaza. Sai a ce sakarci ne. Likitoci kuwa sun san wata matsala ta rashin daidaita motsin gaɓɓai, wadda kan shafi yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta. Basirarsu lafiya lau, saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gaɓɓai ne ba ya tafiya daidai.

A ƙasashen waje ana horar da su da wasan bidiyo na motsa jiki, irin Wii Fit na kamfanin Nintendo da ya fito a 2007. Yaro zai hau wani faifai, ya karkata dama ko hagu, hoton da ke talabijin ya bi motsinsa. A 2013 masu bincike a Afirka ta Kudu sun gwada shi da atisayen zahiri, wato gudu, tsalle da cafe ƙwallo. Duka sun taimaka, amma atisayen zahirin ya fi.

Ashe filin nan ma wurin horo ne. Abin da na'urar ta fi mu shi ne ba ta yi wa yaro dariya, kuma tana bari ya sake gwadawa.

Kafin mu tashi mun roƙa a sa shi. Ya dafa kafaɗar abokinsa, ya yi tsalle uku, ya faɗi, ya miƙe yana dariya.

'Yan makaranta, wa ke gadin takalma a filinku? Ranar Litinin ku kira shi.