Garin Neman Gira, Kada a Rasa Ido

A unguwar Kirkisoye, hayin kogin Kwara, ba nisa da jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, akwai wani dattijo mai shagon buga takardu. Da tafireta ya soma sana'ar, daga baya ya koma ga na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ɗalibai ne mafi yawan masu kawo masa aiki.

Tun shekarar 1976 Yamai take samun wutar lantarki daga Najeriya, ta layin Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka tsinke wannan layi, ba a maido da shi ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan ne wata ɗaliba ta zo da kundin kammala karatunta, aikin shekara biyu, cikin ɗan abin ajiyar nan da ake kira kile. Ana cikin adana babi na huɗu sai kuran ya ɗauke.

Da wuta ta dawo, babi na huɗu ya yi ɓatan dabo. Na'urar ta nuna cewa kilen yana da matsala, ta nemi izinin dubawa da gyarawa. Yaron shago ya kai hannu zai latsa, dattijo ya riƙe shi.

Ɗalibar ta ce, "Baba, ai gyara ta ce za ta yi."

Ya ce, "Ɗiyata, gyara iri-iri ne. Bari mu kwashe abin da ya rage tukuna."

Domin mai karatu ya gane dalilinsa, sai ya kwatanta kile da babban sito mai rumfuna dubbai, da littafin mai gadi. In za a ajiye kaya, aiki uku ake yi: a zuba kayan cikin rumfuna, a rubuta a littafi cewa rumfunan sun cika, kana a rubuta sunan mai su. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai littafi da sito su saɓa. A tarar da rumfuna cike ba sunan kowa a kansu, ko sunaye biyu suna jayayya a kan rumfa guda.

Manhajar da ke binciken wannan saɓani a Windows sunanta chkdsk, takwararta a Unix da Linux kuwa fsck. Rumfa-rumfa take bi tana gwada littafi da sito har su daidaita. Amma fa lissafi take gyarawa, ba ta san darajar kayan ba. Domin lissafi ya fita, tana iya datse wutsiyar rubutu, ko ta raba gardamar rumfa ta hanyar da za ta ɓata ɗayan. Kayan da ba mai su sai ta tara su wuri guda, kamar tsintuwar da ake kai wa sarkin tasha.

Dattijon ya san haka ne da jikinsa. A ƙarshen shekarun 1990 ya taɓa sakin ScanDisk, wadda ta fito a 1993, a kan disket ɗin wani malami, ba tare da ya kwafe komi ba. Manhajar ta ba da labarin cewa ta gyara, amma rabin rubutun ya tafi. Har yau in ya tuna yadda malamin ya karɓi disket ɗinsa ya fita ba ko sallama, sai ya yi shiru.

Masana sun daɗe da nemo magani. Tsarin NTFS na 1993 da ext3 na 2001 suna rubuta niyyarsu a wani ɗan kundi kafin su taɓa littafi, ta yadda in aiki ya katse za a san inda aka tsaya. Sai dai mafi yawan kile da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, waɗanda ba su da wannan kundi.

Saboda haka sai da dattijo ya kwafe babi uku na farko da duk abin da ya karantu zuwa wata ma'ajiya, sannan ya ce wa yaro ya latsa. Da bincike ya ƙare, suka tarar da wata ɓoyayyar jaka mai suna FOUND.000, a cikinta wani abu mai suna FILE0000.CHK. Ya sauya masa suna, ya buɗe. Sai ga babi na huɗu, in ban da shafunan da aka buga a yammacin nan. Waɗannan kuwa suna nan a rubutun hannunta, suka sake buga su kafin isha'i.

Da za ta biya, ya ƙi karɓar kuɗin gyara. Ya ce ta sayi kile na biyu da su, kada ta sake ajiye wahalar shekara biyu a wuri guda. Shi kuma a makon nan ya ci bashi ya sayi akwatin batir mai riƙe wa na'ura wuta na ƴan mintoci.

Na'ura takan iya daidaita littafinta, amma abin da bai kai ga rubutuwa ba, ba mai maido da shi. Allah ya kiyaye gumin talaka.