Baƙin takalmi da alamar tambaya

Kawuna yana sayar da takalman fata a Damagaram. Bara ya biya aka gina masa shafin intanet, amma a wayoyin masu saye “baƙin takalmi” sai ya fito “ba?in takalmi”. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ɗauka shafin ƴan damfara ne, ya fasa ciniki.

Da na duba, na tarar wanda ya gina shafin bai bi ƙa'idar UTF-8 ba, wadda ke adana ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yadda suke. Kwana biyu muka yi muna gyara muna sake rubuta sunayen kaya.

A aji, ƙugiyar harafi darasin tsarin sauti ce a gare ni. A rumfar Kawu kuwa, kuɗin cefane ce.