Ladan Kuturu: Kuɗin Caca da Ƙungiyoyin Unguwa a Niyu Zilan

Duk shekara, kafin a fara kakar wasa, ma'ajiyar wata ƙungiyar ƙwallon yara a kudancin birnin Auckland takan zauna cike takardar neman tallafi. Rigunan 'yan wasa sun kwana biyu, fitilun fili sun mutu, iyaye kuwa ba su da halin ƙarin kuɗin rajista. Ta san inda tallafin zai fito, domin kullum takan wuce ta ƙofar wurin: wata mashaya ce mai ɗaki a baya, inda na'urorin caca ke ƙyalli dare da rana. A cikin masu zama gabansu akwai iyayen yaran da take nema wa riguna.

Tsarin ba ɓoyayye ba ne. Dokar caca ta shekarar 2003 ta tanadi cewa na'urorin da ke mashaya, waɗanda 'yan ƙasar ke kira pokies, ba mallakar mai mashaya ba ne. Gidauniyoyi marasa neman riba, irin su Lion Foundation da Pub Charity, su ke da su, kuma wajibi ne su mayar da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na ribar ga ayyukan al'umma. Ragowar ta tafi ga haraji, da ladan mai mashaya, da kuɗin gudanarwa. Ribar nan kuwa asarar masu caca ce, wadda a 'yan shekarun nan take kaiwa kimanin dala biliyan ɗaya ta ƙasar a shekara. Wasanni ne ke samun kaso mafi tsoka na tallafin.

Matsalar tana ga aljihun da kuɗin ke fita. Na'urorin sun fi yawa a unguwannin marasa ƙarfi, illar kuma ta fi sauka kan Maori da 'yan asalin tsibiran Pasifik. Tallafi kuwa yakan bi wanda ya iya rubuta takarda, ya iya ajiye rasit. Sai a wayi gari kuɗin cefanen wani gida ya zama fentin filin wasan wata unguwa.

Wasu ƙananan hukumomi sun daina ba da sabon izini, mashayar da ta rufe ba a maye gurbin na'urorinta. Adadinsu ya sauka daga kimanin 25,000 a 2003 zuwa ƙasa da 15,000. Amma duk lokacin da majalisar gari ta zauna kan batun, ƙungiyoyin wasanni kan aiko da wasiƙun roƙon kada a rage. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙungiyar da ta dogara da na'ura ta zama mai kare ta, ko da shugabanninta ba su taɓa jefa ko sisi a ciki ba.

Ma'ajiyar ba ta jahilci wannan ba. Idan ta ƙi nema, na'urorin ba za su daina aiki ba, kuɗin wata unguwa za su tafi, yaranta kuma su tashi a tutar babu. Idan ta nema, ta ƙara wa ɗakin nan na baya hujjar zama. Tun da babu wata madogara da aka tanadar wa irin ƙungiyarta, takan sa hannu ta aika. Ranar Asabar yara su fito cikin sababbin riguna, da tambarin gidauniyar a ƙirji.